Belin Ɗan Fari

Duk ranar kasuwar Batsari, in na buɗe ɗan shagon da nake ganin masu ƙara, ina jiyo ku daga teburin mai shayi kuna yanke wa Najeriya hukunci. Wannan ya ce Kotun Ƙoli ta yi daidai, wancan ya ce an sayi alƙalai, na uku ya ɗaga waya ya karanto sashe kaza na kundin tsarin mulki yana murɗa baki kamar shi ya rubuta shi. Kafin shayi ya huce kun gama shari'ar da mu muke shekara muna fama da ita. Ranar da aka ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye har da masu tafi a cikinku, wai gobe za a wayi gari an shimfiɗa kwalta har ƙofar gidanmu a Karare. Na kuma ji wani yana cewa shi ma lauya zai karanta, tunda aikin bai wuce Turanci da hular gashi ba. To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai na tsufa a cikin aikin nan, kuma Turancin shi ne abin da ya fi komai sauƙi a ciki.

Mu fara da hular da ke ɗaukar hankalinku. Tawa gwanjo ce, a Kaduna na saye ta wajen iyalan wani lauya da ya rasu, kuma har yau in zafin bazara ya ratsa ta sai na ji warin man gashinsa. Ku ɗora ta a ka da tsakar rana, a ɗakin da fanka ba ta juyawa, ga kwat ga baƙar riga a sama, ku tsaya har alƙali ya gama rubutu da hannu, sannan ku zo mu yi maganar gayu. Ban da ita, kayan aikin lauyan ƙauye ba su da wani kwarjini. Jakar fata ce da ta sha ɗinkin baduku, da kundin tsarin mulki wanda bangonsa ya rabu da shi tuntuni, da littattafan hukunce-hukuncen manyan kotuna da muke rabo ni da gara, da tawadar dangwale, don yawancin masu zuwa wurina da babban yatsa suke sa hannu. Sai babur. Lauyan da bai iya tuƙa babur a cikin yashi ba ya tsaya Abuja ya yi shari'ar kamfanoni, nan ba wurinsa ba ne.

Da na fito daga makarantar lauyoyi, ina jin kaina kamar yadda kuke jin kanku yanzu, aka haɗa ni da wani tsohon lauya a Katsina, Alhaji Mamman, Allah ya jiƙansa. Ranar farko na zo da shirin yin jawabi a gaban alƙali. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini jakarsa, ya ce in biyo shi. Na daɗe ina bin bayan nan. Maganar da aka fara bari na yi a kotu ita ce roƙon a ɗage shari'a saboda maigidana yana wata kotun, ita ɗin ma sai da ya sa na maimaita masa a mota. Ya tura ni ofishin rajista in koyi gaida mutane, ya ce fayil ba shi da ƙafa, masinjan da ka raina shi ke ɗaukarsa ya kai teburin alƙali. In mai ƙara ya zo daga ƙauye kuwa, ya hana ni katse shi. "Bar shi ya gama gaisuwa," in ji shi. "Ya tambayi gida, ya tambayi ruwa, ya ba ka labarin kakansa. Sai ya miƙe yana neman takalmansa zai faɗi abin da ya kawo shi." Haka abin yake har gobe.

Shari'ar farko da ya sakar mini ni kaɗai ta iyakar gona ce a Karare, tsakanin wani manomi da surukinsa, a kan wani gawo da kowannensu ke cewa a gonarsa yake. Muka ci a kotun shari'a ta gari. Suka ɗaukaka ƙara, muka sake ci. Ina ta hura hanci, manomin har ya aiko mini da gyaɗa. Da aka je kotu ta gaba, alƙalan ko kallon gawon ba su yi ba. Suka buɗe kundin tsarin mulki suka ce kotun da ta saurari ƙarar a tsakiya ba ta da hurumin taɓa rikicin mallakar ƙasa irin wannan, saboda haka duk abin da ta yi aikin baban giwa ne, a koma wata kotun a faro. Ranar na san abin da ake kira hurumi. Kana iya zama mai gaskiya tsantsa, shaidunka su dafa Alƙur'ani, amma in ka shiga ƙofar da ba taka ba sai a ce ka fita ka sake sallama. Kafin mu sake sallamar masu itace sun sare gawon, surukan biyu kuma suka ci gaba da gaba har ƙasa ta rufe idonsu.

Masu zuwa wurin lauya iri-iri ne. Ɗan siyasa zai zo maka lokacin fid da gwani a mota mai baƙin gilashi, yana kiranka "Barista na kaina", yana son ka samo masa umarnin babbar kotun tarayya kafin la'asar, sai ka ce tsire zai saya. In ya ci, ƙoƙarinsa ne da addu'ar malamansa. In ya faɗi, kai aka saye. Manomi shi kuma ba ya zuwa sai abu ya gama lalacewa, bayan ya je wa mai unguwa, ya je wa dagaci, ya je wa wani ɗan'uwansa da ya taɓa gadi a kotu ya zama lauyan dangi. Sai ka kwana biyu kana kwance ƙullin da lauyan dangi ya ƙulla kafin ka fara naka aikin. Makiyayi ya fi su duka wuyar sha'ani. Ba ƙarya yake yi ba, amma abin da ya fi ci masa rai shi ne abin da ba zai buɗe baki ya faɗa ba.

Wannan ya kawo ni kan shekarar da aka yanke mana layin waya. Kun san ta, wasunku a Katsina kuka yi ta a gidajen dangi, kuna kwana a zaure. Ɓarayin daji sun hana noma, an rufe kasuwanni, an hana sayar da mai a jarka, babur ma sai da ƙa'ida. In kana son kiran mutum sai ka yi tafiya har inda sabis ya fara leƙowa, ka tsaya a bakin titi kana ɗaga waya sama. Kotunan yankinmu suka zama kufai, don ba mai shari'ar iyakar gona alhali gonar ma ba ta zuwuwa. Abokan aikina wasu suka koma dillancin filaye a birni, wasu suka koma bin 'yan siyasa suna riƙe musu jaka. Aikin da ya rage wa irinmu shi ne neman mutanen da aka kama. Bayan kowane hari sai a zo a kwashe wanda tsautsayi ya rutsa da shi, mai laifi da marar laifi, a loda a mota, daga nan sai dai labari.

Gab da a rufe kasuwar nan tamu, mutum biyu suka yi sallama a shagona, Fulani daga wata ruga kusa da Babban Duhu. Ƙaramin, Iro, ya shigo ya zauna a benci. Babban, Malam Buba, dogo mai farin gemu, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya jingine sandarsa, ya juya mana rabin baya yana kallon masu wucewa. Bayan an gama tambayar gida da shanu, Iro ya yi bayani. An kama yaron gidansu, Usmanu, a Safana, ranar da ya kai bijimi kasuwa. Wani ne ya nuna shi da yatsa, jami'an wata hukumar tsaro ta tarayya suka ɗauke shi suka wuce da shi birni. Ba a kai shi kotu ba, ba a faɗi laifinsa ba, kuma wata ya bi wata.

Na ce, "Wane ne uban yaron?"

Iro ya nuna bakin ƙofa da haɓa.

Na ɗaga murya na ce, "Malam Buba, sannu da wannan jarrabawa. Ɗanka ne aka kama?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Yaron wurin Iro ne. Shi za ka tambaya."

Nan na gane ɗan fari ne. Ku 'yan zamani da kuke saɓa ɗan farinku a kafaɗa kuna hoto kuna watsawa a waya, wannan ba za ta shige ku ba. A wurin irin su Malam Buba, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a kallonsa ido cikin ido, ba a cin abinci kwano ɗaya da shi, ba a ma nuna an san da zamansa. Tun da aka yaye Usmanu aka miƙa shi ga Iro, ƙanen Malam Buba. In uban yana son a isar masa da magana sai ya ce da wani, "A ce ma wancan ya kai shanu rafi," ko da yaron yana tsaye a gabansa. Iyayenmu ma a Karare sun yi wannan kunyar, amma tasu wasa ce in aka gwada da ta Fulani. Kada kuma ku ɗauka rashin so ne. Mutumin nan bai taɓa fashin zaman kotu ba, a lokacin da hanyar Safana ke cin mutane, amma ko sau ɗaya bai tambaye ni yadda yaron yake ba. Sai dai in mun gaisa ya ce, "Lauya, ina labarin birni?" Ni kuma in ce birni lafiya lau, ya ci abinci, an bar ni na gan shi.

Da labari ya bazu na karɓi aikin, sai na zama lauyan ɓarayi. Wasu daga cikin yayyenku suka daina amsa sallamata a masallaci. Ni da aka kashe mini ɗan ƙanwa a gona a wannan daminar, ni ake koya wa ƙin ɓarayi. Na ce da su in Usmanu ɓarawo ne a kai shi kotu a kawo shaida, ni da kaina zan matsa gefe. Kundin nan da kuke karantowa a teburin shayi ya ce wanda aka kama a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu, na kuwa duba shi ciki da bai ban ga inda ya ce ban da mai sanda da malafa ba. Ku dai kuna ƙaunar sashen nan ne ranar da aka kama naku.

Na shigar da ƙara a babbar kotun jiha, Iro ya dangwala yatsa a takardar rantsuwa. Kai wa hukumar sammaci kaɗai ya isa aiki. Masinjan kotu ya je, mai tsaron ƙofa ya ce oga ba ya nan. Ya koma, aka ce mai karɓar takardu ya tafi sallah. Sai da na raka shi muka zauna a rana har wani ya gaji da ganinmu ya buga hatimi. Ranar zama lauyansu ya tashi ya ce hukumar tarayya ake ƙara, don haka babbar kotun tarayya ce kaɗai ke da hurumi. Na kawo hukuncin Kotun Ƙoli da ya ce a batun tauye 'yancin mutum kotunan biyu duk suna iya saurara. Shi ma ya buɗe jaka ya zaro nasa hukuncin, na Kotun Ƙolin dai, wanda ya karkata wancan ɓangaren. Ku masu cewa "Kotun Ƙoli ta ce", ku riƙa tambaya yaushe ta ce, a kan wa ta ce, kuma me ta ce daga baya. Alƙali ya ɗage don ya yi nazari, ya dawo ya ce ba shi da hurumi. Muka kwashi takardunmu muka nufi kotun tarayya, muka faro daga bismillah. Can kuma lauyan nan, ba kunya ba tsoron Allah, ya tashi ya ce ai tsare mutum batu ne da ya fi dacewa da kotun jiha. Duk wannan ja-in-ja da ake yi Usmanu yana kwana a siminti, damina ta wuce, kaka ta shigo.

Lauyan nan fa ba baƙo ba ne. Ɗan yankinmu ne, na san ubansa, na san gidansu, kuma shi kansa ɗan fari ne da ya tashi a hannun kakarsa. Ku riƙe wannan.

Mai shari'ar kotun tarayyar mace ce 'yar kudu, ba ta jin Hausa sai ta bakin tafinta, amma ba ta son wasa. Ta yi fatali da maganar hurumi, ta ba da umarni a kawo Usmanu gabanta. Sai da ta maimaita umarnin, ta ce in ba a kawo shi ba shugabansu zai zo da ƙafarsa ya yi bayani, sannan aka kawo shi. Ya rame ya yi baƙi, wandonsa ɗaure da igiyar leda. Iro yana ganinsa ya fashe da kuka. Malam Buba kuwa tun da aka shigo da yaron ya ɗaga kai ya kafa wa fankar rufin ɗakin ido, bai sauke ba har aka fita da shi. Mai shari'a ta ba da beli bisa sharaɗi ɗaya: wanda zai tsaya wa Usmanu ya zama ubansa ko ɗan'uwan ubansa na jini, ya zo da kansa a zama na gaba, ya yi rantsuwa a gabanta, ya faɗi wanda yake tsaya wa da abin da ke tsakaninsu. Zama na gaban kuwa shi ne na ƙarshe kafin kotu ta tafi hutun ƙarshen shekara. Ban damu ba, tunda ga Iro, wanda ke kiran sunan yaron safe da yamma.

Ana gobe zama, da yake ba waya, na shiga a-kori-kura zuwa Safana, daga can na roƙi wani mai babur ya kai ni rugar don in taho da Iro mu kwana a birni. Na tarar da bukkoki a buɗe, turaku ba shanu. A cikin makon ɓarayi suka shigo suka kora garken, Iro da wasu samari suka bi sawu cikin daji, ba su dawo ba, ba kuma wanda ya san ko suna raye. Malam Buba kaɗai ne namiji babba da ya rage, yana zaune a gindin wata bishiya. Na yi masa jaje, ya amsa. Sannan na ce, "Malam Buba, kai za ka tsaya. Ba wani abu ba ne. Za a tambaye ka sunansa, ka faɗa. A tambaye ka mene ne tsakaninku, ka ce ɗanka ne. Shi ke nan, mu taho da shi gida."

Ya daɗe yana zane a ƙasa da bakin sandarsa. "Lauya, ba a rubutawa in dangwala?"

"An rubuta. Amma ita tana son ta ji daga bakinka."

"Gaban yaron?"

"A gabansa."

"To kai ka hwaɗa mata mana. Ai don wanga muka ɗauke ka."

Na ce lauya ba ya rantsuwa a madadin kowa. In bai faɗa ba, za a mayar da yaron inda aka fito da shi, sai bayan hutu, in yana da sauran kwana. Ya ce, "Allah shi kyauta," ya shiga bukka ya ɗauko rigarsa ta sallah da rawani. A hanya na yi ta maimaita masa tambayoyin kamar yadda Alhaji Mamman ya yi mini, kowace ya gyaɗa kai ya ce ya ji. Har muka shiga Katsina bai furta sunan ba.

Washegari aka kira shari'armu. Aka sa Usmanu a akwatin waɗanda ake tsare da su, aka sa uban a na shaida, tsakaninsu bai fi tsawon tabarma biyu ba. Tafinta ya rantsar da shi. Aka tambaye shi sunansa, ya faɗa. Garinsu, ya faɗa. Sana'arsa, ya ce kiwo, in da abin kiwon. Sai mai shari'a ta ce a tambaye shi wa ya zo tsaya wa.

Ya ce, "Wancan yaron."

"Mene ne sunansa?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Tafinta ya sake tambaya, ya ɗaga murya don ya zaci tsohon kurma ne. Malam Buba ya dubi hannuwansa, gumi yana bin gemunsa.

Sai lauyan hukumar ya miƙe, ya gyara riga, ya sassauta murya kamar abin ya dame shi. Ya ce, "Ya mai shari'a, kotu ta gani da idonta. Mutumin da aka ce uba ne bai san sunan ɗansa ba. Irin 'yan belin haya ne da ke yawo a bakin kotuna, a ba su na goro su rantse a kan wanda ba su taɓa gani ba. Muna roƙon a ƙi karɓarsa." Ya faɗi wannan yana sane sarai da abin da ya ɗaure bakin tsohon, don shi ma ubansa bai taɓa kiran sunansa ba. Na ga lauyoyi suna ƙarya, na ga suna ɓoye takarda, amma ban taɓa ganin ƙasƙanci irin na ranar ba, mutum ya ɗauki kunyar gidansu ya yi makami da ita don a ce ya ci shari'a.

Na tashi na yi wa mai shari'a bayanin al'adar dalla-dalla. Ta saurara, ta rubuta, ta ce tana girmama al'adar kowa. Amma ta ce 'yan belin haya gaskiya ne akwai su, kuma in yaro ya gudu dole kotu ta san wuyan wa za ta kama. Sharaɗi ta riga ta gindaya shi, ba za ta janye ba. Ban ga laifinta ba. Ta ce za ta sake tambaya sau ɗaya, in ba amsa ta ɗage sai bayan hutu.

Kafin tafinta ya buɗe baki, Usmanu ya yi magana daga akwatinsa. Ba da ubansa ya yi ba, don shi ma bai saba ba. Ni ya kalla, kansa a ƙasa, ya ce, "Lauya, a ƙyale tsoho. Ni in koma."

Jin haka sai Malam Buba ya kama bakin rawaninsa ya ja ya rufe baki da hanci, ya juya fuskarsa ga bango. Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa ta cikin rawanin.

"Usmanu."

Tafinta ya ce, "Baba, ɗaga murya, kotu ba ta ji ba."

"Usmanu sunanshi. Ni na haihe shi. Shi ne na fari."

Mai shari'a ta rubuta, ta ce kotu ta gamsu. Lauyan hukumar ya zauna yana tattara takardunsa. Muka sauka ofishin rajista, gaisuwar da na shekara da shekaru ina yi ta yi rana, aka buga takarda aka sa hannu kafin a tashi aiki. Aka kwance wa yaron ankwa. Muka nufi ƙofar fita, ni da Usmanu a gaba, uban can baya nesa da mu kamar ba tare muka zo ba, har lokacin rawani a bakinsa.

A bakin ƙofar wata farar a-kori-kura ce tsaye, ba lamba. Muna sa ƙafa a waje wasu mutane cikin farin kaya suka diro, suka cafki yaron ta ƙugu, suka cilla shi baya. Na ɗaga takardar ina cewa umarnin kotu ne, yanzu aka sa hannu. Ɗaya daga cikinsu ya dube ni ya ce, "Barista, wannan wata sabuwar magana ce, ka je ka shigar da ƙara." Lauyan hukumar yana jingine da motarsa, waya a kunne, yana kallon wani wajen.

Na shigar da ƙarar kuwa. Bayan hutu na nemi a hukunta su kan raina kotu, suka kawo takardar rantsuwa cewa su sun saki Usmanu kamar yadda aka umarta, ba su san wanda ya ɗauke shi ba. Aka sauya wa mai shari'ar wurin aiki, wanda ya gaje ta ya faro daga bismillah, aka sake tayar da maganar hurumi. Shari'ar tana kotun ɗaukaka ƙara yanzu, ana jiran rana. Iro bai dawo daga daji ba, Usmanu kuma ba wanda ya sake ganinsa. Saboda haka in kun ji a waya an ce kotu ta ba da umarni, ku ajiye tafin tukuna, ku tambayi wanda zai bi umarnin.

Amma a ranar belin, da motar ta tashi, sai na ji an bangaje ni daga baya. Malam Buba ne. Ya yar da sandarsa, ya bi motar a guje a tsakiyar kwalta, masu motoci suna ta hon suna zaginsa, rawaninsa ya warware yana jan ƙasa. Yana gudu yana kira da dukkan muryarsa, a gaban 'yan sanda da lauyoyi da masu talla, "Usmanu! Usmanu! Usmanu!" Yaron yana kwance a bayan motar an danne shi da gwiwa, ban sani ba ko ya ji.